Daga Kakaki Zuwa Raɗa: Yadda Muryar Waƙa Ta Yi Sanyi a Kaduna

Har zuwa farkon ƙarni na 20, mawaƙin da muryarsa ba ta da ƙarfi ba shi da rabo a sana'ar waƙa ta ƙasar Hausa. A fili ake waƙa: ƙofar fada, filin dambe, gonar gayya, bakin kasuwa, gidan biki. Babu makirfo, babu lasifika, saboda haka dole murya ta yi gogayya da kalangu da kotso da taushi da jauje, ga kakaki da algaita, ga hayaniyar jama'a da haniniyar dawakai. Shi ya sa makaɗin fada ke tafe da 'yan amshi masu ɗaga waƙa idan numfashinsa ya yanke, da sanƙira mai kwarara kirari don na nesa ya san wa ake wasawa.

A yau kuwa, matashi zai shiga ɗan ƙaramin ɗaki a Unguwar Dosa ko Rigasa, ya kai bakinsa dab da makirfo, ya rera waƙa a hankali har ana jin fitar numfashinsa, a bi ta da amon fiyano mai laushi, kuma dubban mutane su saurare shi ta wayoyinsu. Tsakanin wancan fili da wannan ɗaki akwai tafiyar shekara ɗari, kuma birnin Kaduna, musamman ɓangaren da ke arewa da kogi, yana da babban kaso a cikinta.

Muryar da ke cikin gida

Masu cewa sanyin murya baƙon abu ne a waƙar Hausa sun manta da rabin al'umma. Tun kafin a san wani abu wai shi rediyo, akwai waƙar raino da uwa ko kaka ke yi wa jinjiri a baya, akwai waƙar niƙa da mace ke yi ita kaɗai a kan dutse da asuba, wadda a cikinta take amayar da abin da ke damun ta game da miji ko kishiya ko kewar gida. Akwai shantu, wanda 'yan mata da amare ke bugawa a cinya a cikin ɗaki, amonsa bai cika tsallake katanga ba. A ɓangaren maza ma akwai gurmi da molo da garaya, kayan tsirkiya da suka fi daɗi a hirar dare, inda mutum goma ko ashirin ke zaune kusa da makaɗi.

Abin da waɗannan waƙoƙi suka rasa shi ne hanyar tafiya nesa. Waƙar fada tana da sarki mai ɗaukar nauyinta da taron da zai ji ya yaɗa ta. Waƙar niƙa kuwa tana ƙarewa ne inda tsabar dawa ta ƙare. Saboda haka idan ana lissafin manyan mawaƙa, sai a ambaci irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, waɗanda suka cancanci a ambace su, amma sanyayyar murya ta ci gaba da zama a bayan zaure, ba ta da suna, ba ta da kasuwa.

Garin da babu fada

Kaduna ba ta taso kamar Kano ko Katsina ko Zariya ba. Ƙasar Gbagyi ce a cikin yankin masarautar Zazzau, Turawan mulkin mallaka suka zaɓe ta saboda ruwa da layin dogo, suka fara girke soja a wurin, sannan a 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Aka shata tituna a miƙe, aka gina barikoki da ofisoshi da gidajen ma'aikata, akasarinsu a arewacin kogi. A 1956 aka ba garin matsayi na musamman a matsayin babban birnin Jihar Arewa. Daga 1957, da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, kudancin kogi ya zama na masana'antu, arewaci kuma ya ci gaba da zama na mulki: Majalisar Lugard, gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, wanda yanzu shi ne Gidan Arewa, da ma'aikatun gwamnati.

Wannan tsari ya shafi kunnen mutanen garin. Babu ganuwa, babu ƙofar fadar da za a riƙa buga tambari duk daren Juma'a. Mazauna garin baƙi ne daga ko'ina: akawu daga Katsina, malamin asibiti daga Wusasa, soja daga Zuru ko ƙasar Tibi, leburan jirgin ƙasa, ɗan kasuwa Bayarabe ko Ibo, Banufe, Babarbare. Hausa ce ta haɗa su, amma kowa ya baro makaɗan garinsu a gida. Manyan makaɗa suna zuwa Kaduna, musamman a zamanin Sardauna, su yi wasa su koma. A sauran kwanakin shekara kuwa, ma'aikacin Kaduna yana samun waƙarsa ce daga akwati: garmaho, sannan rediyo. Mutumin da ke sauraron waƙa a ɗakinsa bayan ya tashi daga aiki ba ya bukatar a yi masa ihu.

Abin da makirfo ya zo da shi

A can ƙasashen Turai da Amurka ma, mawaƙan farkon zamanin faifai da ƙarfi suke waƙa. A gaban wani babban mazurari ake tsayawa, ƙarfin murya ne ke girgiza allurar da ke zana faifan, wanda ya yi ƙasa da murya ba zai fito ba. A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka koma ɗaukar sauti da lantarki, ta hanyar makirfo. Nan take aka gane cewa mutum na iya matsowa kusa ya yi waƙa kamar yana magana da mutum ɗaya. Bing Crosby ya yi suna da wannan salo a shekarun 1930, kuma shi ne ya zuba kuɗi a kamfanin Ampex a 1947 don a inganta rikodar tef, fasahar da Jamusawa suka fara ƙerawa. A Brazil, João Gilberto ya fito a ƙarshen shekarun 1950 da salon bossa nova, yana waƙa ƙasa-ƙasa da jita, sannan muryar Astrud Gilberto ta kai salon ko'ina a duniya a 1964.

Makirfo ya yi abu biyu. Ya raba ƙarfin murya da nisan da za ta kai, ta yadda raɗa da kururuwa za su isa wuri guda. Sannan ya fito da abubuwan da fili ke haɗiyewa: shaƙar numfashi, rawar murya, ɗan karyewarta a ƙarshen baiti. Abubuwan da a da ake ɗauka rauni ne a wajen mawaƙi, sai suka zama ado.

Gidan rediyon Kaduna

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata kamfanin watsa labarai, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin EMI da Granada na Ingila, aka fara rediyo da talabijin a Kaduna. Talabijin ya koma hannun gwamnatin tarayya a tsakiyar shekarun 1970, rediyon kuma ya shiga ƙarƙashin FRCN a 1978, amma a bakin jama'a sunansa bai sauya ba: Rediyo Kaduna. Daga harabarsa da ke kan titin Yakubu Gowon, ta gajeren zango da matsakaici, muryarsa ta kai Nijar da Kamaru da Chadi da zangunan Gana. Da transisto mai batir ta yi arha, sai ga rediyo a rataye a kafaɗar makiyayi, a teburin mai shayi, da kuma cikin ɗakin matan kulle.

A ɗakin ɗaukar sauti na wannan gida ne makaɗan Hausa da yawa suka fara tsayawa a gaban makirfo a wuri mai shiru. Injiniya ne ke cewa mai kalangu ya ja baya, mai waƙa ya matso. Mamman Shata, da muryarsa mai cika fili, bai bukaci taimakon na'ura ba, ita ce ma ta bukace shi. Waɗanda suka fi cin ribar sabon yanayin su ne masu ƙananan kayan kiɗa. Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ba shi da 'yan amshi, ba shi da ganga, daga shi sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya. A filin hawan salla da wuya a ji shi daga sahu na biyar, amma a rediyo sai ya zama kamar yana zaune a gefen tabarmarka yana ba ka labarin karen mota da zaman aure. Haka Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa da waƙoƙinsa na soyayya, haka masu kukuma irin su Hassan Wayam.

Shirin Zaɓi Sonka ya ƙara wani abu. Mai sauraro zai aiko da kati ya zaɓi waƙa, ya gai da masoyi ko ɗan'uwa da ke wani gari. Waƙa ta tashi daga abin da ake yi wa taro, ta zama saƙo daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya, ko da miliyoyi na ji. Duk waƙar soyayyar da ake rerawa a hankali yau, a kan wannan turba take tafiya.

Shekarun 1977 da 1978

A farkon 1977, lokacin bikin FESTAC, Kaduna ta karɓi baƙuncin gagarumin hawan daba. Sarakunan Arewa suka zo da dawakai da raƙuma, da 'yan lifida da 'yan bindiga, da tambura da kakaki da farai. Saboda baƙin wannan biki aka gina otal ɗin Durbar. Da wuya a ce garin ya taɓa jin amon gargajiya mai ƙarfi irin na wannan lokaci. A shekarun nan ne kuma Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya kafa babbar ƙungiyarsa ta kiɗan zamani a Kaduna, yana wasa a kulob ɗin Costain, yana rera Hausa a kan jita da ƙahonnin Turawa da fiyano, daga baya kuma ya samu shirinsa na kansa a talabijin na ƙasa. Shi ya nuna wa mutanen gari cewa Hausa na iya hawa kayan kiɗan baƙi ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Shekara ɗaya bayan hawan daba, wasu mutum biyu da ba su san juna ba suka yi aiki iri ɗaya a wurare masu nisa. A Ingila, Brian Eno ya fitar da faifan da ya kira kiɗa don filayen jirgin sama, bayan ya zauna jiran jirgi a filin Kolon da ke Jamus ya ga kiɗan da ake sakawa bai dace da wurin ba. Ya yanka tef-tef masu tsawo daban-daban, kowanne ɗauke da ɗan amon fiyano ko muryar mata, ya haɗa bakinsu suka zama zobe, ya sake su suna juyawa. Da yake tsawonsu bai zo ɗaya ba, amon ba ya maimaita kansa daidai. Manufarsa ita ce kiɗan da zai cika wuri ba tare da ya tilasta wa kowa sauraro ba. Tunanin ba sabo ba ne, don Erik Satie na Faransa ya gwada irinsa tun 1917, amma daga faifan Eno ne salon ya samu suna da mabiya.

A Yamai kuma, a wannan shekara ta 1978, Mamman Sani Abdullahi ya shiga gidan rediyon Nijar da wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, wadda ya saya a hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO. Ya ɗauki karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa da nasa na kansa, ya buga su a hankali, amo a kan amo. Kaset kaɗan aka buga, amma shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, har mutane suka haddace shi ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, Turawa suka yi ta mamaki. Wannan ya isa shaida cewa kiɗan lantarki mai sanyi ya tsiro a yankinmu a daidai lokacin da ya tsiro a Turai, kuma a gidan rediyo ya tsiro.

A ƙasashen waje, shekarun 1980 ne suka aurar da wannan kiɗa da waƙar soyayya. Na'urori suka yi arha: akwatin ganga na Roland TR-808 ya fito a 1980, fiyanon Yamaha DX7 a 1983. Ƙungiyar Cocteau Twins ta Sikotilan ta lulluɓe muryar mace da amsa-kuwwa har kalmomi suka narke. Enya ta Ayalan ta riƙa ɗaukar muryarta sau da yawa tana jera su a kan juna. Sade Adu, wadda aka haifa a Ibadan a 1959, ta fito a 1984 da murya mai sanyi da ta ratsa duniya, kaset-kaset ɗinta kuma suka shigo gidajen ma'aikata a Malali da Unguwar Rimi.

Indiya, kaset da fiyano

Amma ba ta Landan sanyin murya ya fi shigo wa Bahaushe ba, ta Bombay ya shigo. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa. Muryar Lata Mangeshkar da ta Muhammad Rafi suka zauna a kunnen jama'a: siririyar murya, namiji da mace suna amsa wa juna, goge da sarewa suna bin su a baya. Abdu Yaron Goge na Jos ya juya wasu karin Indiya zuwa Hausa da gogensa, a Kano kuma masu bege suka ɗora yabon Annabi a kan irin waɗannan kari. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya sa kowa na iya kwafar abin da yake so ya saurara a ɗakinsa. Shagunan masu kaset suka cika babbar kasuwar Kaduna da Kasuwar Barci da Kawo.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai aka bukaci waƙa a cikinsu. Da farko an gwada kayan gargajiya, amma tara makaɗa na da tsada da wahala. A tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyon Iyan-Tama a Kano, mutum ɗaya ya zama shi ne mai ganga, mai sarewa, mai goge. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, a ƙarshen shekarun, ya tabbatar da cewa waƙa ce ke sayar da fim. Aka samu sabuwar sana'a: mawaƙan bayan fage, waɗanda ake jin muryarsu ba a ganin fuskarsu, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, daga baya Fati Nijar da Maryam A. Baba. Jama'a suka sa wa salon suna nanaye.

Nan ne muryar cikin gida ta samu ƙofar fita. Budurwar da iyayenta ba za su taɓa yarda ta tsaya gaban taro tana waƙa ba, tana iya shiga situdiyo da mayafinta, ta rera a hankali, ta koma gida. Kunya, wadda a fili take danne murya, a gaban makirfo sai ta zama wani ɓangare na daɗin waƙar.

Kaduna ba ta tsaya kallo ba. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a garin, wadda ta zama taskar tarihin wannan masana'anta. A 2000 Yakubu Lere ya fito da Wasila, fim ɗin da shi da waƙarsa suka zaga Arewa. Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi ta haifar da DITV a Kaduna, sannan tashoshin rediyo masu zaman kansu irin su Nagarta da Alheri da Liberty da Freedom suka biyo baya. Zangon FM, wanda ba shi da shuu da ƙarar gajeren zango, ya fi kowanne dacewa da kiɗa mai laushi, musamman a shirye-shiryen dare.

Bayan kogi ya zama iyaka

Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na 2000, da rikicin watan Nuwamba na 2002, sun sauya taswirar garin. Akasarin Musulmi suka tattara a arewacin kogi, akasarin Kirista suka koma kudu, masaƙu kuma suka yi ta rufewa. Rayuwar dare ta kulob da otal, irin wadda ta rayar da su Bala Miller, ta ja baya a arewacin gari. Waƙa ta ƙara shigewa ɗaki. A daidai wannan lokaci, a watan Agustan 2001, wayar salula ta shigo Nijeriya. Ba a daɗe ba aka samu wayoyi masu ɗaukar katin ajiya, aka samu samari masu kwamfuta a bakin kasuwa suna tura wa mutane waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, aka samu 'yar igiyar da ake toshe kunne da ita. Mai sauraro ya zama mutum ɗaya tak, mawaƙi kuma yana cikin kunnensa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

A 2007, da hukumar tace finafinai ta Kano ta tsananta dokoki a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, 'yan fim da mawaƙa da dama suka dawo Kaduna da aiki. Situdiyoyi suka ƙaru, yaran gari suka koyi sarrafa na'ura. Daga cikin waɗanda suka taso a garin, babu wanda ya fi Umar M. Shareef, ɗan Rigasa, nuna inda aka dosa. Muryarsa siririya ce, ba ya tilasta mata, waƙoƙinsa na soyayya da kewa ne, kuma sun yi tasiri a kan ƙannensa mawaƙa tun kafin ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Mansoor na 2017. Shi da Nura M. Inuwa na Kano suka sa waƙar Hausa ta zamani ta tsaya da ƙafarta a matsayin album, ba sai ta jingina da fim ba. A gefe guda kuma garin ya fitar da masu salon gambara irin su DJ AB, wanda ke nuna cewa ba kowa ne ya zaɓi sanyi ba.

A nan, kiɗan nan mai sanyi bai zo da tuta ko sunan kansa ba. Yana cikin waƙar soyayya, yana cikin begen da ake ɗorawa a kan fiyano, yana cikin waƙoƙin sujada na Hausa da ake rerawa a majami'u, yana bayan muryar mai karanta labari a rediyo, yana ƙarƙashin wurin da jaruma ke kuka a fim mai dogon zango.

Yadda ake haɗa shi

Aikin ba shi da yawan kaya: kwamfuta, manhaja irin FL Studio ko Cubase, ƙaramin fiyano, makirfo mai kama ƙaramin motsi, da ɗaki da aka manna wa soso a bango. Mai kiɗa yana fara shimfiɗa dogon amo mai shigowa a hankali ya fita a hankali, kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma kafin ya zauna. A kai sai ya ɗora ganga marar nauyi, da ɗan amon sarewa ko tsirkiya. Mawaƙi zai tsaya kamar tazarar tafin hannu daga makirfo, da 'yar raga a tsakani don ta tare iskar baki. Kusancin nan yana ƙara wa murya kauri. Daga nan sai a bi ta da na'urar da ke daidaita ƙarfi, ta ɗaga inda ya yi ƙasa, ta danne inda ya yi sama, shi ya sa numfashi ke fitowa sarai. A ƙara amsa-kuwwa don ɗan ƙaramin ɗaki ya yi kamar babban zaure. A sake ɗaukar muryar sau biyu ko uku a jera, mawaƙi ya zama ɗan amshin kansa. Sai manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 don gyara kuskuren kari, amma situdiyoyin Arewa suka mai da ita ado, har ta zama tambarin nanaye.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne hayaniya. Makirfon da ke kama numfashi zai kama janareta da hon ɗin Keke Napep da injin markaɗen maƙwabta, shi ya sa masu situdiyo da yawa suka fi son aikin dare. Ban da wannan, kayan da ke hannun yaron Badarawa ba su da wani nisa da waɗanda Billie Eilish da yayanta Finneas suka yi amfani da su a ɗakin kwana a Los Angeles, suka haɗa album ɗin 2019 da ya kwashe manyan kyaututtukan Grammy.

Suka, da aikin da ya rage

Masu suka suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Makaɗan da suna gina karin waƙa a kan karin magana, shi ya sa kalangu ke iya faɗin abin da baki ya faɗa. Idan aka aro kari daga Indiya aka cusa masa kalmomi, sau da yawa sai a ja gajere a gutsure dogo, ma'ana ta raunana. Haka kuma azanci da habaici da zurfin Hausar su Narambaɗa sun yi ƙaranci a waƙoƙin da kalmominsu ba su wuce zuciya da hawaye ba. Fiyano ya kuma raba makaɗan gargajiya da yawa da abincinsu, tunda mai biki ya gane DJ ɗaya ya fi ƙungiya arha.

Sai dai laifin ba na sanyin murya ba ne, na gajeren tunani ne wajen neman abin da za a ɗora ta a kai. Mamman Sani bai je Indiya neman kari ba, a gida ya samu. Gurmi da shantu da garaya da waƙar raino suna nan, kuma su ne suka fi kowane kayan kiɗa dacewa da makirfon zamani, domin tun asali don kunnen da ke kusa aka yi su.

Mafi yawan abin da aka ɗauka na irin waɗannan a ƙarnin da ya wuce yana kan tef ne: a ɗakin ajiyar Rediyo Kaduna, a sauran gidajen rediyon Arewa, da cikin akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset. Tef kuwa yana da wa'adi, zafi da laima suna cin sa, na'urorin da ke juya shi kuma kusan an daina ƙera su. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa lokacin kwafe irin waɗannan taskoki zuwa kwamfuta ya kusa ƙurewa. Jami'o'i da gidajen rediyo da mawaƙan da suka samu arziki da wannan sana'a su ne ya kamata su haɗa kuɗi da ma'aikata a yi wannan kwafe, a kuma buɗe shi ga matasan situdiyo su ji. Idan aka bari tef ɗin ya lalace, mai haɗa kiɗa na gobe a Kaduna zai ci gaba da aro daga Mumbai da Legas, ba don ya fi son nasu ba, sai don nasu ne kaɗai ya tarar a intanet.